Sada Ya Je Gaida Masu Kuɗinsa

Idan ka sauka a kasuwar Ataba ta Alƙahira ka tambayi Sada, ko jaririn goye zai nuna maka shi. Dogo ne, irin dogon da ƙafafunsa ke isa kasuwa kansa bai gama barin yankin Madinat Nasr ba. Ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, don ubana wan uwarsa ne. Ni Habu ɗan namiji, shi ɗan mace, wato bawana ne halak malak, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a falonsa na yi ta kwana lokacin da na fara zuwa Alƙahira.

Karatu ne ya kawo shi daga Kankiya, yana saurayi ko gashin baki babu. Karatun ya ƙare, shi bai ƙare da Masar ba. Ya zama tafintan Hajiyoyin Kano da na Damagaram masu zuwa sarin abaya da takalma, yana bin su lungu-lungu yana taya su ciniki da Larabcin da Misirawa kansu ke tsayawa su saurara. Ya auri Mahasin, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a Madani, zangon da har yau ba a tashi ba. Ita gajera ce, amma idan ta ɗaga murya tantabarun unguwa sai sun canja gida.

Da sunanta suka karɓi lamunin gida a wani kamfani, suka sayi ɗaki biyu da falo a unguwar Hayyul Ashir ta Madinat Nasr, can saman bene inda ko sauro sai ya huta a hanya kafin ya isa. Duk wata Sada ya je ya biya. Duk wata ya dawo yana shafa wuya, wai ji yake kamar an rataya masa turmi.

Ba turmin ne kaɗai ke damunsa ba. Akwai Yaya Dije, yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tun da ya taho sau ɗaya ya koma gida, shi ma kafin gemu ya fito masa. Duk Juma'a sukan yi waya, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu da akuyar da ta shiga gonar wani. Shekarar da ta biyo bayan juyin juya halin Masar, kasuwa ta yi sanyi, Hajiyoyi sun ji tsoron zuwa, sai ga wayar Yaya Dije da wani labari daban.

"Sada, idona na dama ya tafi, na hagun ma yana haɗa kaya. Ka zo in ga abin da Masar ta mayar mani da kai."

Daga ranar Sada ya daina jin ɗanɗanon abinci. Na ce masa, "Bawa, kana da kuɗin jirgi a ajiye, yalla, ka kama hanya."

Ya dube ni kamar na zagi kabarin kakanmu. A gidanmu ba a tafiya da bashi a wuya. Kakan namu bafatake ne, kafin ya ɗaura wa jaki kaya sai ya zaga gari ya biya kowa, har mai allura, sannan ya nemi gafara. Sada ya bar gida da daɗewa, amma wannan ɗabi'a ta biyo shi a jaka.

"Idan jirgin ya faɗi da ni a sahara, wa zai biya?" in ji shi.

"Jirgin da zai iya ɗaga ka ma ba a ƙera shi ba, balle ya faɗi."

Bai yi dariya ba. Ya kwashi adashensa na 'yan kasuwa, Mahasin ta cire awarwaron zinarenta ta kai wa maƙeri, aka harhaɗa har kuɗin suka kai ragowar bashin. Kuɗin jirgi kuwa ya bar su a asusun da kamfanin ke cirar biyan wata.

Ranar biya sai ka ce za a naɗa shi sarauta. Ya sa babbar riga wadda ta isa a yi wa masallacin unguwarmu rumfa, ya naɗe kilishi a takarda. A wajenmu wanda ya biya bashi kafin lokaci yabo yake sha, wani lokacin ma mai kuɗin ya ce bar sauran. Sada har ya shirya abin da zai ce idan suka matsa masa da godiya.

Ma'aikacin da ke kula da lamuninsa sunansa Ustaz Hamad, wani mai sanƙo mai fara'a. Ya karɓi kilishi ya shinshina, ya buga hatimi, ya ce mabruk. Sannan ya ce, ma'alish, wato a yi haƙuri, akwai kuɗin rufe bashi da wuri, an riga an cire daga asusu.

"Na me?" in ji Sada.

"Na biyan da ka yi kafin lokaci, ya Hajji."

"Wato tara aka ci ni don na biya?"

"Ba tara ba ce. Tsari ne."

Mutane na bayansa a layi, ga babbar riga, ga kilishi an riga an bayar. Sada ya sa hannu ya fito. Abin da ya rage a asusun ko Aswan ta nan cikin Masar ba zai kai shi ba, balle Kano.

Mahasin ba ta zauna ba. Ta bi maƙwabta da tambaya har ta gano cewa irin waɗannan kuɗin ana iya karɓo su idan ba a ambace su a yarjejeniyar farko ba, kuma a tasu ba a ambata ba. Ta ce wa mijinta ya je ya karɓo haƙƙinsa. Ya ce to. Ya sa hula ya tafi.

To a nan ne bawana ya nuna wa duniya shi ɗan Kankiya ne. A garinmu idan kuɗinka na hannun mutumin kirki, ba ka buɗe baki ka ce ba ni. Sai ka je gaishe shi da safe, ka tambayi iyali, ka ɗan zauna, ka tashi. Ka sake komawa. Kafin a je ko'ina kunya ta kama shi, ya aiko yaro da kuɗin har gida. Abin da Sada ya je yi wa kamfanin lamuni ke nan. Gaisuwa.

Na raka shi wata rana don in gani da idona. Ustaz Hamad na hango shi ya miƙe da murna.

"Ya Hajji Sada! Ka haskaka mana wuri! A kawo shayi!"

"Yaya iyali, ya Ustaz?"

"Tamam, alhamdu lillah."

"Yaya ƙafar tsohuwa?"

"Da sauƙi, Allah ya saka."

"Yaya aiki? Yaya haƙuri da jama'a?"

Aka kawo shayi. Ustaz Hamad ya ciro waya yana nuna masa hoton 'yarsa a makaranta. Sada ya yi ta sa albarka. Can ya yi wani dogon numfashi, ya dubi silin, ya ce, "Duniya ke nan." A ganinsa ya gama magana, duk mai hankali ya gane. Ustaz Hamad ya girgiza kai ya ce wallahi haka ne, duniya ke nan. Muka tashi.

A cikin mota na ce, "Bawa, yaushe za ka faɗa masa abin da ya kawo ka?"

"Ai ya sani."

"Ya san me? Mutumin nan ya ɗauka uwa ɗaya ta haife ku."

"Ba ka ga yadda ya sunkuyar da kai ba? Kunya ta fara kama shi."

"Sukari yake nema a aljihun tebur!"

Haka aka yi ta yi. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, gari ya sake rikicewa har aka sa dokar hana fita, Sada bai fasa gaisuwa ba. Shayin da ya sha a kamfanin nan da a kogin Nilu aka zuba shi da ya yi ambaliya. Mai gadi ya san shi, mai shara ta san shi, har kujera suka ware masa. Kullum ya dawo Mahasin ta tambaya, ya ce ana kan magana.

Ranar Juma'a kuwa wayar Yaya Dije ba ta fasa ba. Ta ce yanzu kaji da agwagi duk ɗaya take ganinsu. Wata Juma'ar ta ce ta zuba wa baƙo gishiri a koko. Tana faɗa tana dariya, shi ma ya taya ta, sai ya kashe wayar ya hau saman bene. Unguwarmu kusa take da filin jirgi, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu ka shafa cikinsu. Bayan la'asar sai in same shi a can tsakanin igiyoyin shanya, ya ɗaga kai. Ba ya maganar kuɗi. Sai ya ce ko kukar ƙofar gidanmu tana nan. Ya ce Yaya Dije tana da wata tsaga ƙarama a gefen kunci, ya manta ko dama ce ko hagu, kuma abin ya hana shi sukuni. Ni da bakina ba ya rufuwa, a nan sai in rasa abin tsokana.

Mahasin ce ta gaji. Wata safiya ta yafa tobinta na Sudan ta ce yau tare za a je gaisuwar. Sada ya roƙe ta kada ta kunyata shi. Ta ce khalas, kunyar ta ishe ta haka. Na bi su, don irin wannan kallo ba a ba ni labari.

Ba ta bari an kawo shayi ba. Ta tsaya gaban teburin ta ce, "Ustaz, kuɗin da kuka cire na rufe bashi babu su a yarjejeniyarmu. Kuɗin jirgin mijina ne. Yayarsa na makancewa a Najeriya. Muna son abinmu."

Sada ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, sai dai babu ramin da zai ɗauke tsawonsa. Ustaz Hamad ya buɗe baki, ya dubi Mahasin, ya dubi abokinsa.

"Ya Hajji Sada! Duk zuwan nan saboda wannan ne? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai na yi ta zuwa," in ji Sada a hankali.

"Na ɗauka kaɗaici ne ya dame ka! Na ce wa matata akwai wani bawan Allah baƙo da ba shi da kowa!"

Ashe abin da ake bukata shi ne a rubuta neman a mayar, a sa hannu, a jira. A tsaye aka rubuta. Jiran dai ya ɗauki nasa watannin, don kamfani ba ya gaggawar amayar da abin da ya haɗiye. Da kuɗin suka fito an ɗan gutsure su, kuɗin jirgi kuma ya tashi, sai da Sada ya sayar da rabin littattafansa ya cike. Ya tafi da rani, da akwati cike da abaya da maganin ɗigawa a ido.

Kwana biyu da saukarsa na buga waya. Yaya Dije ce ta karɓa.

"Habu, ɗan nema, kai ne? Wannan abin da kuka aiko mani, na shafa tun daga ƙirji hannuna bai kai kansa ba sai da ya durƙusa."

"Kin gan shi, Yaya?"

Ina jin kukan tumaki a bayanta, da wata mata tana daka.

"Na ga duhu ya tare ƙofa, na ce wannan Sada ne. Sauran da hannu na gani. Gemu kamar tsintsiyar laushi. Kai, tsakaninka da Allah, ya ce mani baƙi ne wuluk. Haka ne?"

Gemun Sada ya yi fari tun kafin in zo Masar, fari fat kamar an tsoma shi a nono.

"Baƙi ƙirin, Yaya," na ce. "Ko sili ɗaya babu fari. 'Yan mata har bin sa suke a Ataba."

Ta yi dariya har da tari. "Maƙaryata, ku duka biyun. To na karɓa a haka." Sai na ji ta juya tana cewa, "Matso nan, kada ka yi nisa, ban gama ba."

Ta manta ba ta kashe wayar ba. Na tsaya a bakin titin Ataba, motoci na ta hon, na manna wayar a kunne ina sauraron dakan nan har kuɗin wayata suka ƙare.