Yawon Gidajen Abinci da Ƙanina Kafin Ya Tafi Arewa

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanyar tasha, ni da ƙanina. Masu bibiyata sun san halina, duk garin da na shiga sai na nemi mai shayinsa da mai namansa. Amma wannan karon ba kwaɗayi ya fitar da ni daga Gazawa ba. Innarmu ce ta aike ni.

Ƙanin nawa ɗan kabu-kabu ne a da, yana jigilar kaya zuwa kan iyaka. Da harkar ta mutu sai ya sayar da babur ɗin. Zuciyarsa ta rabu biyu: ko ya buɗe ɗan wurin shayi da abinci a bakin titi, ko ya bi abokansa arewa, can wajen Agadas, haƙar zinariya. Babban wanmu ya bi wannan hanyar shekarun baya, har yau ba mu san ko yana raye ba. Shi ya sa Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ne malamin lakol, mai koyar da yaran boko, yana jin maganarka. Ka kai shi birni ya ga yadda masu abinci ke samu, ko Allah ya sa ya zauna."

Motar da muka samu ƙarama ce, an cusa mu kamar buhunan gero. Wani dattijo ya ɗora min kwandon zabbi a cinya ba tare da ya tambaye ni ba, har Agye suna kallona ina kallonsu. Kaka ta wuce, gonaki sai kara a tsaye. A shingen jandarma aka duba takardunmu, aka bar mu muka wuce.

A Agye muka sauka karin kumallo wajen wani mai shayi kusa da tasha. Bencinsa cike da mutane, sai na taɓa ƙanina na ce ya duba. Da muka zauna na lura mu kaɗai ke riƙe da kofi, sauran hira suka zo yi. Burodin da aka yanko mana ya rame kamar ya yi jinya. Ƙanina ya tambayi mai shayin yaya kasuwa. Ya ce sai godiya, ya ci gaba da kaɗa ƙwai. Can ya ƙara da cewa a da kiret guda na ƙwai yake sayowa kullum, yanzu ƴan ƙwayoyi yake ajiyewa, su ma wani lokaci sai ya kai gida. Na yi maza na sako zancen aya, wai bana ta yi kyau a yankin. Babu wanda ya taya ni.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka. Na kai shi wajen wata mai shinkafa da wake bayan kasuwa, wadda na sani tun ina ɗalibi. Nan kam akwai layi, na ji daɗi. Abincin bai canza ba, manja da yaji da albasa, har da ɗan kwaɗon zogale a gefe. Amma na ga ƙarti biyu majiya ƙarfi sun sa kwano ɗaya a tsakiya suna ci, kuma duk wanda ta tambaya ko a sa nama sai ya girgiza kai. Da na yaba mata cunkoson, sai ta ce, "Ɗana, hannu ne ke motsi kawai. Abin da na tara yau, gobe mai shinkafa da mai mai za su karɓe." Ƙanina yana tsaye yana wanke hannu, ya ji komai.

Da la'asar na ce bari mu gwada na masu hali. Muka shiga wani gidan shan kafe, wato gahawa, mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Na ce a kawo kafe. Aka kawo shi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba da yawa ba. Na ɗauka na ɗanɗano ne, na shanye ina jiran na gaske, ashe shi ke nan. Kuɗinsa kuwa ya isa cefanen gidana na yini. A nan ne kawai ƙanina ya yi dariya a duk tafiyar. Teburan wurin kusan duka babu kowa, sai wasu samari da suka sayi lemo kwalba ɗaya suka zauna kowa da wayarsa. Muna nan aka ɗauke wuta. Na zaci za a ta da inji, mai wurin ya leƙo ya dube mu, ya koma ciki. Bai ga mutanen da za a ƙona mai saboda su ba. Zafi ya kore mu waje.

Bayan isha'i muka bi titin masu nama. A da idan ka shigo nan ranar Asabar, hayaƙin tsire da kiɗan rediyo da hon ɗin babura ba sa barinka ka ji maganar na kusa da kai. Yanzu ma fitilu na ci, masu balangu na fifita garwashi, ana jin ihun masu kallon ƙwallo daga wata rumfa. Sai dai masu wucewa sun fi masu tsayawa yawa. Mun sayi rabin gasasshen zabo, kuma gaskiya ya yi daɗi, yaji ya ratsa shi har ƙashi. Muka zauna ci kusa da wata fada, wato majalisar hira ta samari, suna dafa shayi a ƙaramar buta. Hirarsu duka ta hanya ce: wane ya isa Agadas, wane ya turo wa uwarsa kuɗi daga ramukan zinariya na Jado, wane an koro shi daga Aljeriya amma zai koma. Ƙanina ya bar naman ya matsa kusa da su. Yadda ya buɗe ido yana tambayarsu, ban ga ya yi haka a ko ɗaya daga wuraren da na kai shi ba. Muka kwana gidan wani abokina, barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Sauran fatana guda ɗaya ne, wani kawunmu a Gidan Rumji, ɗan uwan Inna, mai gidan abinci a bakin babbar hanya. Ina yaro na taɓa yin hutu wurinsa, na ga manyan motoci sun jeru ƙofarsa, direbobi na cin tuwo da miyar kuka har suna rigima kan wurin zama. Safiyar Lahadi muka bi ta Tibiri muka isa.

Rumfar tana nan, amma rabin bencinan an jingine su a bango. Kawu ya tsufa. Ya tarbe mu da murna, ya sa aka kawo tuwon gero da man shanu, sannan wata Bafillatana ta dama mana fura da nono mai kauri. Muna ci wasu mata da yara suka tsaya nesa kaɗan. Kawu ya ce mutanen ƙetaren iyaka ne da ƴan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, kullum suna zuwa ya kankare musu ƙanzo. Ya ce kafin magariba yake rufewa, don direbobi sun daina tsayawa da yamma, kowa so yake ya shige gari da sauran haske.

Na gaya masa abin da ya kawo mu, ina ƙifta masa ido ko zai gane ya ƙarfafa wa yaron gwiwa. Bai gane ba, ko kuma ya gane ya ƙi yin ƙarya. Ya dubi ƙanina ya ce, "In sana'ar ga kaka so, ga firji can, ga benci, ɗauki ka ba ni abin da ya sawwaƙa. Amma in hwaɗa maka gaskiya, ba tukunyar ga ka ciyar da gidana ba. Ɗiyana biyu da ke arewa, su ka aiko muna." Ƙanina ya ce, "Na ji, Kawu." Ya ci gaba da shan furarsa.

A tashar Maraɗi, muna jiran mota ta cika, ya ce bari ya je ya dawo. Ya ɗan jima. Sai da muka wuce Cadawa ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yaya, na kama wuri a motar Agadas. Ranar Alhamis." Na buɗe baki in yi masa faɗa, na rasa wane wuri cikin waɗanda muka gani zan kafa masa hujja da shi. Na juya ina kallon gonaki har Agye.

Mun iso Gazawa ana kiran magariba. Inna na zaune kan tabarma a tsakar gida. Ƙanina ya gaishe ta ya shige ɗakinsa. Ta dube ni ta ce, "To, ya gani?" Na ce, "Ya gani, Inna." Ta tashi ta ɗauki buta.

Na saba rufe labarin tafiya da gaya muku inda za ku je ku ci mai daɗi. Zan iya yin haka yanzu ma, don babu inda aka ba mu abinci marar kyau. Masu dafawa suna nan, hannunsu bai mutu ba. Masu saye ne suka ragu, wasu aljihu ya hana su, wasu tsoro, sauran kuma sun yi arewa. Na ɗauki ƙanina yawo don in nuna masa dalilin zama, sai ga shi ni da kaina na zagaya da shi ya ga dalilin tafiya. Tun jiya Inna ta fara soya masa gari da ƙuli-ƙuli na guzuri. Ku sa shi a addu'a.