Baba Mai Burushi da Katangar Tasha

A da, kullum kafin motar farko ta sauke fasinja, Baba Mai Burushi ya riga ya jera gwangwanayen fentinsa a gindin katangar tasha. Sana'arsa rubuta allon shago. Amma birnin nan na baƙi ne, baƙo kuwa in ya kafa shago, suna kaɗai ba ya isarsa.

Wani mai wanki ne ya fara, tun Baba yana da baƙin gashi. "Maigida, sa min dutsen garinmu a gefe mana." Allon ya yi kaɗan, sai Baba ya zana dutsen a katanga. Daga nan kowa ya kawo nasa: kogi, rijiya, tsamiyar ƙofar gida. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Shi zai zana gida, amma ƙofa, mai gidan ne zai shafa mata fenti da hannunsa.

"Hannuna rawa yake yi, za ta karkace," in ji wata tsohuwa mai sayar da gawayi.

"To Inna, ta can ɗin a miƙe take?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta karɓi burushi.

Bara masu tasha suka ce zanen ƙazanta ne, za a shafe shi da farin fenti. Baba ya kwashe gwangwanayensa. A ransa, ai katanga ba tasa ba ce. Ranar da leburori suka iso da bokitai, sai suka tarar da mutane jere, kowa tsaye gaban ƙofarsa: tela, direba, mai wanki da jikokinsa da ba su taɓa ganin dutsen ba sai a nan.

Tsohuwar ta dubi shugaban leburorin. "Ɗana, ambaliya ta cinye gidanmu sau ɗaya. Kai ne na biyu? Bismillah, fara ta kaina."

Bokitai suka koma a rufe. Katanga tana nan.

Baba, gwanin bango, kai ne ka sa baƙo ya nuna wa ɗansa gida da yatsa. Yau ido ya gaza, ka ajiye burushi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Masu zanen birni, ku ɗauka daga inda ya tsaya. Da sauran fili a katangar, motoci kuma ba su daina sauke mutane ba.