Akwatin Nan Nawa Ne, Malam Jumare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 1991, a ƙarshen watan Ƙaramar Salla, Allah Ya karɓi ran Malam Jumare Adamu na Limancin Kona, tsohon ma'aikacin ofishin safiyo, bayan gajeriyar jinya. Labarin ya same ni a zaure ina tsakiyar ba da karatu. Da la'asar muka kai shi makwancinsa, ina sahun gaba, kamar yadda ya kamaci na'ibin limamin masallacin unguwa.

Malam Jumare, da kai zan yi magana, ko da yake alƙalamin ya yi mini nauyi. Kunya ce ta sa na ɗauke shi, ita ce kuma take riƙe mini hannu.

Kowa a unguwar nan ya san alherinka. Azumi bai taɓa kamawa ba sai ka hau tsani ka duba lasifikar masallaci, ka sauko da ƙura a gemu kana dariya. Da kunnen Inna Delu, wata tsohuwar unguwarmu, ya yi rauni har ta daina fahimtar tafsiri a rediyo, kai ka haɗa mata ɗan akwatin ƙara sauti, ka saƙala mata lasifikar kunne da hannunka a kan ɗankwali. Tsohuwar nan ta fashe da kuka, ta ce ashe malamin bai daina karatu ba. Wannan duk an sani. Abin da ba a sani ba shi ne nawa.

Ni mutum ne mai son goge da kalangu. A ƙauyen kakannina na wajen uwa na taso da su, girma da rawani kuma ba su cire mini ba. Da na je aikin hajji na sayo lasifikar kunne babba, irin mai rufe kunne ruf, don in saurari kaset ɗina ba wanda ya ji. Na jona ta a ƙaramar rikodata, sai sautin ya fito a shaƙe, kamar mai magana daga cikin rijiya. Na kawo maka ina kame-kame, wai karatu nake son ji. Ka danna kaset ɗin da na manta a ciki, goge ya tashi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ko gira ba ka ɗaga ba. Cewa ka yi, "Malam Kabir, abin nan da ka sayo babba ne, cinsa da yawa. Rikodarka ba za ta iya ciyar da shi ba. Amfilifaya yake so, wato akwatin ƙara sauti."

Ka haɗa mini ita cikin akwatin katako, da manyan batura irin na tocila. Na ce me zai hana a jona da wutar lantarki a huta, ka ce wuta tana sa gurnani a ƙarƙashin sauti, ga shi kuma ba a san lokacin da za ta ɗauke ba, batir kuwa shiru ne da shi. Ban yarda ba sai da ka gwada mini, na ji gurnanin da kunnena.

Daga nan muka shiga gardamar da ba ta ƙare ba. Ni kaurin sauti nake so, in ji ganga tana dukan ƙirjina. Kai kuwa ka fi son ya fito tas, har ka ji numfashin mai waƙa da gogar tsirkiya. Kakan ce, "Haba Malam, wannan kunnen naka ai na mahauta ne!" Ni kuma in ce naka na masu safiyo ne, komai sai an auna. Da ka gaji da ni, ka ɗiga jan fenti a jikin maɓallin kauri, daidai inda nake tsayar da shi, ka ce kada in wuce nan, don kunne ba shi da safaya a kasuwa. Shekara da shekaru muna haka a shagonka na cikin gida, ba ka taɓa furta wa kowa ba, ko da wasa.

Kafin salla kunnen hagu na lasifikar ya fara ƙarar tsatsa, na mayar maka da akwatin tare da ita da kaset ɗaya na gwaji. Sai ciwo ya kwantar da kai.

Ranar sadakar uku ana zaune a ƙofar gidanka, liman da dattawa da ɗalibaina duk suna nan, aka yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai ajiya a hannun marigayi ya yi magana, a sauke masa nauyi kafin rabon gado. Sai ga Jalo, yayan matarka Rakiya, ya fito rungume da akwatin, lasifikar kunne a kai, kaset a gefe da hoton mai goge a jiki. Ya durƙusa gabana ya ce, "Allah gafarta Malam, marigayi ya ce wannan naka ne, ya gama gyara. Ya ce lalle a ba ka hannu da hannu."

Idanu suka yo kaina. Na dubi liman, na dubi ɗalibaina, na ce, "Anya? Ba nawa ba ne."

Jalo ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya koma ciki da shi. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce Allah Ya yafe maka, ka ƙarar da basirarka wajen kayan kiɗa. Na ce amin tare da kowa. Malam Jumare, da bakin nan nawa na ce amin.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Jiya Jalo ya tare ni a bakin masallaci, ya ce Rakiya ta hana a taɓa gado sai an san mai akwatin, don ba za ta bar ka da amanar wani a wuya ba. Ya ce akwai abin da ya fi wannan ci mata rai. Zancen akwatin shi ne maganarka ta ƙarshe, daga shi sai kalmar shahada. Tun da na musa, mata masu zuwa gaisuwa suke ta cewa ashe zafin ciwo ya juya maka hankali. Yanzu tana cikin takaba tana kuka, tana tambaya, idan ba ka san abin da kake faɗa ba a kan akwati, shin ka san abin da ka faɗa bayansa? Na samu dakali na zauna.

Saboda haka nake rubuta wannan, kowa ya karanta. Rakiya, ki share hawayenki. Mijinki da hankalinsa garau ya cika, gaskiya ya faɗa, ni ne na yi ƙarya. Ki sa Jalo ya duba maɓalli na tsakiya, zai ga ɗigon jan fenti. Kaset ɗin ma nawa ne. Idan jama'a sun ga ban cancanci na'ibanci ba, su suka ba ni, suna iya karɓa.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Jumare, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri a duniya, Ka rufa masa a ranar tsayuwa. Ka tabbatar da shi a kan kalmar da ya cika da ita, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Rakiya, da 'ya'yansa Abdullahi da Sakinatu, da surukinsa Jalo, da Inna Delu, da dukan mutanen Limancin Kona. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni kuma ku yafe mini.

Gobe bayan sallar la'asar zan zo karɓar kayana. Jalo, kada ka sa mini shi a buhu. A hannu zan riƙo shi, ta ƙofar masallaci kuma zan biyo.

Kabir Shehu, Limancin Kona, Birnin Zariya.