Ludayin Mahaifina

Shekarun baya, ina saurayi a Madarumfa, tari ya kama mahaifina ya ƙi sakinsa. Maginin rijiya ne, ya yi rayuwarsa yana fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, daga garin Gabi har garin Sarkin Yamma. Daga tari sai haki, zuwa masallaci ma sai ya tsaya a hanya ya dafa bango.

Mutane suka yanke hukunci cewa tarin fuka ne. Aka ware masa akushi da ludayi, aka hana jikoki hawa cinyarsa. Amininsa da suka saba shan fura a ƙwarya ɗaya ya koma gaishe shi daga bakin zaure. Mahaifina kuwa sai ya daina cin abinci. Tuwo ya zo, tuwo ya koma. Ina kallo yana ramewa, abin yana ci mini rai.

Ni kuwa akwai taurin kai. Na ce sai mun je asibiti Maradi, ya ce ba ya zuwa. Na ce to, ni ma ba zan ƙara taɓa tuwo ba. Ban yi zaton abin zai kai ni kwana da yunwa ba, amma ya kai, kafin ya tausaya mini ya shiga mota.

An gwada kakinsa, ba a samu tarin fuka ba. Likita ya kai mu wani ɗaki mai duhu, ya tsayar da shi bayan wata na'ura. Da na ga haƙarƙarin mahaifina a allo, saura kaɗan jarumin naku ya nemi ƙofa. Likita ya nuna mini wata inuwa mai kama da kifaffiyar ƙwarya a ƙarƙashin huhu, tana sauka tana hawa da sauri. Ya ce tsoka ce, ita ke jawo numfashi. Ƙurar dutse ta bar tabo a huhun ya ƙage, ba zai warke ba, amma ba ya kama kowa.

"Tsokar nan aikin mutum biyu take yi," in ji shi. "In bai ci abinci ba, za ta gaji."

Muna komowa na wuce gidan aminin mahaifina, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce, "Baba, ba addu'a kaɗai na zo nema ba. Ba ya iya ci shi kaɗai." Na zauna a zaurensa na ƙi tashi, har ya gaji da ni ya jawo takalmi ya biyo ni gidanmu.

Mahaifiyata ta dama fura ta kawo da ludayi biyu. Aminin mahaifina ya daɗe yana dubansu. Sai ya ture sabon gefe, ya ɗauki wanda aka ware wa mahaifina, ya sha, ya miƙa masa. Ranar nan ƙwaryar fanko ta koma cikin gida.

Ciwon bai rabu da shi ba har Allah ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru, amma bai ƙara cin abinci shi kaɗai ba. Ni kuwa har yau in na je duba mara lafiya, kwanonsa nake fara leƙawa.