Shelar da Ba a Yi Wa Idi Falke Ba

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi Falke na Gumel, Allah Ya jiƙansa. Bai riƙe sarauta ba, bai shiga makarantar boko ba, ko hoto ɗaya bai bari ba. Abin da ya bari shi ne gida mai zaure ɗaya, da 'ya'ya huɗu waɗanda ni kaɗai na rage a cikinsu, da kuma wani suna da ba shi ya zaɓa ba. Har gobe in ka sauka a tashar Gumel ka ce wa mai babur ya kai ka Gidan Muflisi, ba zai nemi kwatance ba, a ƙofar gidanmu zai dire ka. Yaron da ke tuƙa babur ɗin bai san ma'anar kalmar ba, a wurinsa sunan wata kwana ne kawai. Ni kuwa na sani. Muflisi shi ne mutumin da bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, har alƙali ya karɓi abin da ya mallaka ya raba wa masu binsa.

Ba a haife ni ba lokacin da abin ya faru. Yawancin abin da zan faɗa daga bakin mahaifiyata na ji shi, Inna Hajo, wadda ba ta iya rage labari ko da zai taɓa mijinta. Baba falke ne tun yana saurayi. Yakan karɓi tufafi bashi a wurin attajiran gari, ya ɗora wa jakuna, ya bi ta Maigatari ya shiga ƙasar Damagaram, ya komo da kanwa da gishiri, ya sayar a Gumel da kasuwannin wajen Sule Tankarkar, sannan ya biya masu kaya. Haka fatauci yake, duk a kan yarda yake tafiya. Kuɗin wancan zamani kuwa wuri ne, ana ɗura shi a keso, wato buhun tabarma, a ɗora wa jaki kamar hatsi.

Sai Turawa suka zo da nasu kuɗin, sule da kwabo da anini. Baba ya juya sule a hannunsa ya ce bai yarda da shi ba. Hujjarsa ita ce, kuɗin da wani mutum ya ƙera a garinsu, ranar da ya ga dama zai ce a mayar masa da abinsa, wuri kuwa da shi kakansa ya yi ciniki. To, yayin da abokan fataucinsa ke ta canza wurinsu a hankali, shi karɓa yake yi. Labari ya bazu cewa akwai wani falke a Gumel da har yanzu yake sayar da kanwa a kan wuri, har da ƙari ake ba shi. Mutane suka yi ta kwaso na ƙarƙashin gadonsu suna kawo masa, shi kuma yana jera keso a kan keso a ɗakin baya, yana ganin ya fi kowa wayo. Inna ta ce a watannin nan har ƙiba ya yi.

Ba a daɗe ba aka ce haraji sai da kuɗin Bature. Attajirai ma suka ce sai shi. Mutum uku ne ke bin Baba, suka zo gida tare, ya buɗe musu ɗakin baya da alfaharinsa. Ɗayansu ya ɗebi wurin a tafin hannu, ya dube shi, ya zubar, ya ce, "Malam Idi, wannan ai sai masu duba da masu yi wa yara ado." Daga nan sai gaban alƙali.

Ban taɓa ganin laifin alƙalin ba, kuma ban ji Baba ya gani ba. Abin da littafi ya ce shi ya yi. Aka sayar da jakuna, da mangaloli, da rigar Juma'arsa, aka raba wa mutum ukun gwargwadon abin da kowa ke bi, bai kai ko rabi ba. Aka bar masa kayan jikinsa da hatsin 'yan kwanaki. Wurin kuwa ba wanda ya ce yana so, aka bar masa kayansa. Da shi muka yi wasa muna yara, har yau in aka yi ruwa mai ƙarfi yakan fito a tsakar gidanmu.

Abin da ya rage shi ne shela. A wancan zamani ba wata takarda da mutum zai je ya duba don ya san wane ya karye. Kasuwa ce rajista, kunnuwan mutane su ne shafukanta. Ranar kasuwa, da rana ta take, mai shela ya tsaya gindin tsamiyar da ke kusa da 'yan hatsi, ya ɗaga murya ya ce alƙali na gaishe da jama'a, ya ce a sanar da su Idi Falke ya zama muflisi, kada kowa ya ba shi bashi, wanda ya ba shi kuwa kada ya kawo ƙara. Sau uku ya maimaita. Baba yana tsaye a wurin, don an ce sai ya tsaya. Kafin la'asar labarin ya riga fatake isa Maigatari.

Ya koma noma a gonar wani ɗan'uwansa a Gagarawa. Ba wanda ke matsa masa, don hukuncin ya ce ragowar bashin sai in ya samu hali. Shi ne ya matsa wa kansa. Da aikin shimfiɗa layin dogo ya iso wajen da ake kira Gagarawa Tasha yanzu, ya ɗauki diga ya shiga cikin leburori, mutumin da a da yake tafiya da jakuna goma sha. A nan aka riƙa biyansa da sulen nan da ya raina. Inna ce ke ƙulle su a tsumma. Ya biya na farko, ya biya na biyu. Na ukun ya riga ya koma garinsu a can Damagaram, Baba ya taka da ƙafa ya kai masa har gida. Ina ɗan ƙarami lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne dabinon da ya kawo mana tsaraba.

A al'ada, wanda aka ɗaure da shela, da shela ake kwance shi. Hanyar ba wuya: ya je gaban alƙali da waɗanda ya biya, su shaida, ya roƙi a sanar da jama'a. Tsohon alƙalin ya rasu, amma sabon ba zai ƙi ba. Sai dai a nan ne kunya da kara suka haɗu suka yi mana aika-aika. Attajiran biyu na gari suna ganin in suka tayar da zancen, sun tuna wa dattijo abin kunyarsa, sai suka yi shiru. Alƙali yana jiran mai magana ya zo. Baba kuwa yana ganin mutum ba ya zuwa da ƙafarsa ya ce a yabe shi a kasuwa. Kowa ya girmama kowa, aka bar mutum a ɗaure.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen suna ne kawai. Sana'arsa ce ta tafi. Ɗaya daga cikin attajiran nan ya aiko masa har gida cewa ga tufafi, ga jakuna, ya ɗauka ya koma fatauci, in ya dawo a yi lissafi. Baba ya yi godiya ya ce alƙali ya hana a ba shi bashi, kuma bai ji an janye ba. Haka ya ce wa duk wanda ya zo bayansa. Ko gishirin anini bai ƙara karɓa a kan in an jima ba. Ya ƙare rayuwarsa a Gumel yana tufkar igiya yana sayar wa fataken da a da suke bin bayansa.

Inda yake baza igiyoyinsa shi ne gindin tsamiyar nan. Na sha zama kusa da shi. Da mai shela ya gyara murya, sai hannun Baba ya tsaya cak, ya ɗan karkata kai. A yi cigiyar akuya, a yi ta yaron da ya ɓata, a sanar da haraji ko zuwan masu lambar agana. In aka gama sai ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da tufka. Bai taɓa cewa ga abin da yake jira ba, mu ma ba mu taɓa nuna mun sani ba.

Sau ɗaya na gwada. Na fara aikin malamin gona, ina ji da kaina, na same shi a zaure na ce, "Baba, ka yardar mini in je wurin alƙali a kan maganar nan. Ba sai ka taka ba, ni zan roƙa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da aka yi ta farko, ni na roƙa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, ka bar su. Sun san hanyar tsamiya."

Na bar su. Ba a ja da Baba a irin wannan, kuma gaskiya a lokacin haushinsa na ji, ba tausayi ba. Tausayin daga baya ya zo, ya kuma zauna.

Bayan na yi ritaya, da aka ba mu jiharmu, sai na ce bari in nemi abin a rubuce. Na fara da kotun gari, aka ce tsofaffin littattafan alƙalai an daɗe da tattara su zuwa sama. Na shiga mota na tafi babban birnin jiha. A can na samu wani magatakarda, saurayi mai ladabi, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama. Ya bayyana mini cewa a yau shari'ar karayar arziki ba a ɓoye take ba, duk mai so yana iya rubuta buƙata ya duba, kuma in an sallami mutum, sallamar ma ana rubuta ta. Ya sa na rubuta tawa. Na yi ta zuwa ina komawa, don wasu takardun suna tsohuwar jiha, wasu kuma ba wanda zai ce ga inda shekaru suka kai su. A ƙarshe ya samo abin da ya saura na wancan zamani, da Larabci, ya nemo malamin da ya karanta mana. Akwai rabon gado, akwai rikicin iyakar gona, akwai satar raƙumi. Sunan Idi Falke bai fito ko sau ɗaya ba, ba ɗauri, ba kwancewa.

Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai sai ka yi murna. A wurinmu mahaifinka bai taɓa karyewa ba."

Na yi masa godiya, don ya kyauta. Da na sauka a tashar Gumel da yamma, wani mai babur ya hango ni ya ce, "Baba, Gidan Muflisi ne?" Na ce can ne, na hau.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin nan. Ina jin zai yi mamakin yadda mutum zai karye a unguwa maƙwabcinsa bai ji ba sai in ya rubuta takarda ya tambaya. Wataƙila ya ce an kyauta, an rufa wa bayin Allah asiri. Wataƙila kuma ya ce to wa zai gargaɗi mai tufafi? Abin da na tabbata zai ba shi dariya shi ne labarin sule. Wanda ya kayar da shi ɗin nan, shi ma an wayi gari an ce a mayar da shi, kuma kuɗin da ya gaje shi an canza masa kama ba sau ɗaya ba. Ashe maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, wurin ne kawai bai cece shi ba.

In na auna abin da ya saura na mutumin nan, ba shi da yawa. Tsamiyar an sare ta, shaguna ne a wurin. Mutum ukun sun rasu, Inna ta rasu, kuma bayana ba sauran wanda ya ci dabinon nan. Taurin kansa ya jawo masa faɗuwa, shi ya biya masa bashi, shi kuma ya hana shi tashi, ban san yadda zan raba su ba. Ya hana ni roƙon alƙali, ban kuwa roƙa ba, dubawa kawai na je yi. Amma bai hana ni tsayawa a kasuwa ba, kuma jarida ita ce kasuwar da muryata za ta iya kaiwa yanzu.

Saboda haka, jama'ar Gumel da Maigatari, da na Gagarawa da Sule Tankarkar, da fataken Damagaram in akwai mai ji, ana gaishe ku. Idi Falke ya biya. Ya biya na farko, ya biya na biyu, ya taka da ƙafa ya biya na uku. Duk mai son ba shi bashi, ya ba shi.