Tururuwa a Ludayin Nono

Mun tashi da asuba daga Dutsin-Ma, ni da mai ɗakina, ko koko ba mu tsaya sha ba. Waya ce ta tashe mu, daga 'yarmu Binta da ke aure a Rawayau. Uwar mijinta ta yanke hukuncin a cire jikanmu Mu'azzam daga nono a ranar, yaron da ko shekara bai cika ba, wai nonon ne ke shanye masa jini.

A tasha direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, kuɗin mota kuma ya ɗara na watan jiya, ya ce laifin mai ne. Gero ya fid da kai dama da hagu a hanyar Kurfi, Allah Ya ba da damina, amma ni ban ga kyansa ba. Maganar likita nake ta juyawa a raina.

Ni na raka su asibiti makon da ya wuce, da sakamakon gwajin jini ya dawo daga Katsina. Likita ya ce ba sikila ba ce, danginta ce, sunanta talasimiya. Sai da na rubuta sunan da ajami a tafin hannuna kafin bakina ya iya shi. Ya ce Allah Yana ba ɗan tayi wani irin jini nasa na daban, su suna ce masa himoglobin F. Da shi yake rayuwa a ciki, da shi yake fitowa duniya. Wajen wata shida sai ya ja baya, na manya ya karɓe shi. To jikin Mu'azzam ba ya iya haɗa na manyan sosai. Shi ya sa aka haife shi ɓul-ɓul, sai da guzurin ciki ya ƙare ya fara ɗashewa. Za a riƙa yi masa ƙarin jini. Akwai kuma maganin da kan farkar da wancan jini na ciki ga wasu yara, za su duba ko ya dace da shi. Gado ne daga uwa da uba duka, babu ruwan nono.

Mijin Binta yana tsaye aka faɗi wannan, ya koma gida ya kasa buɗe baki gaban uwarsa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A Kurfi muka sayi ƙosai mai zafi, ga wani da lasifika yana tallar kwalbar ƙarin jini, mata sun yi masa rumfa. Likita ya gargaɗe mu da irinta, domin sinadarin ƙarfe ne a cikinta, yaron da ake ƙara wa jini kuwa ƙarfen kan taru masa a jiki ya cutar da shi. Na kau da kai, muka hau babura biyu. Laka ta yi wa rigata ado har gwiwa.

Mun iske gida cike da mata. Mu'azzam na bayan kakarsa yana tsala kuka, Binta na bakin ɗaki ta rufe fuska. Bayan gaisuwa Hajiya, uwar mijin, ta miƙo mini ludayi, da nonon Binta kaɗan a ciki, da tururuwa a mace.

"Malam, ai ba ƙiyayya ba ce," in ji ta. "An tatsa, an saka, ta mutu. Haka muka taras ana gwadawa."

Na yi ta'awwuzi a zuci, don surukuta ba ta son zafin baki. Ga furar da aka tarbe mu da ita a gabana, da nonon saniyar gidan aka dama. Na ɗebo a wani ludayin, na tsinci tururuwa a gindin bango na jefa. Muka zuba mata ido, har da masu leƙe ta bayan zana. Ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta mace.

Na ce, "Hajiya, sai a yaye ɗan maraƙin nan ma yau."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta daɗe tana duban ludayin biyu, sannan ta ce, "To ciwon daga ina?"

Na kwashe bayanin likita na faɗa mata, ban rage komai ba. Na ce, "Rabi daga gidana, rabi daga gidanki. In da mai laifi, ni da ke ne, kuma babu, Allah ne Ya hukunta."

Ba ta ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta kwance goyon ta miƙa wa uwarsa. Kukan ya ɗauke nan take.

Da la'asar muka iso Dutsin-Ma, bayan mijin Binta ya yi alkawari gaban uwarsa zai kawo yaron ranar da likita ya sa. Har yanzu raina bai huce ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, magana ta gaskiya in an bar ta a asibiti ba ta kai kanta gida, sai wani ya ɗauke ta ya shiga laka da ita. Allah kaɗai Ya san uwaye nawa aka raba da 'ya'yansu da shaidar tururuwar da ba ta iya iyo ba.