Dabinon da Muka Kai Lisbon

Shekarar da aka gaya wa maigidana ba za a sabunta kwantiraginsa ba, zama ya gagare ni a gidanmu na unguwar Al-Sadd. In shiga kicin, in fito, in leƙa titi, in manta abin da ya tashe ni. A Doha zamanka na rataye ne da aikinka, ranar da aiki ya ƙare sai ka fara neman kwalaye. Shi injiniya ne, kuma wani kamfanin gyaran jiragen ruwa a Lisbon ya yi masa tayi. Ni na ƙwallafa rai mu tafi, shi kuwa sai jan ƙafa yake yi. Don haka na shirya mana tafiyar buɗe ido, da niyyar garin ya shiga ransa kafin ya ba su amsa.

Ina haɗa kaya sai ga shi da kwalin dabino da kwalbar turare.

"Yallaɓai, wa za mu kai wa wannan?"

"Hajiya, ana shiga garin mutane hannu rabbana? Ai ba za a rasa wanda za mu gaisar ba."

"Ba mu san kowa ba fa."

"Za mu sani. Yalla, saka a jaka."

Na saka, ina ƙunƙuni.

Lisbon gari ne da aka gina a kan tuddai, kana gama hawan wannan wani na jiranka. Titunan tsohuwar unguwa duk ƙananan duwatsu ne masu santsi, bangon gidaje an lulluɓe shi da shuɗin tayil, mata sun shanya wanki ta taga. Akwai wani ɗan jirgin ƙasa mai ruwan ɗorawa da ke kutsawa cikin lunguna yana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Ni dai ban bar mu mun huta ba. Daga ganuwar da ke saman gari na ja shi bakin ruwa, inda tsohuwar hasumiya take tsaye tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, daga can kasuwar kifi. Ko'ina muka tsaya sai in ce, "Ka gani ko? Ka ji iska?" Tsoro nake ji in na yi shiru zai sami sararin cewa a'a.

Shi kuwa gaisuwa ya sa a gaba. Ya gaida direba, ya gaida mai gasa kifi, har da wani tsoho da ke zaune a ƙofar gida da karensa. Mutanen ba su da laifi, suna murmushi su ɗaga kai, amma babu mai tsayawa a yi ta ya gida ya aiki. Kwalin dabinon na cikin jakar bayansa duk inda muka nufa. Ya taɓa miƙa wa matar da ke kula da masaukinmu, ta ɗauka sayarwa yake yi, ta kaɗa hannu tana ba shi haƙuri. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi ko a jikinsa, ya mayar da abinsa jaka.

Ana gobe za mu koma, ina sauri mu cim ma faɗuwar rana a bakin tashar jirage, takalmina ya zame a kan duwatsun nan. Sai ji na yi ƙafata ta ce ƙas. Mutane suka taru nan da nan, wata ta tallafe ni, wani ya kira mota. A asibiti aka ce targaɗe ne, aka ɗaure, aka sallame mu da mutunci.

Washegari jirginmu sai yamma. Na wuni kwance, ƙafa a kan filo, ina kallon jiragen ruwa ta taga. Can na lura kunnena na wajen ƙofa. Duk takun da na ji a matakala sai in gyara ɗankwali. Wa nake jira? Ni da bakina na ce ba mu san kowa ba. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa, sai na sauke a kan maigida: me ya sa bai riƙe ni ba, me ya sa yake tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ya buɗe jaka, ya ciro kwalin, ya yage ledar, ya ajiye a gefen gadon.

"Sannu, Hajiya. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi."

Ya faɗe ta da muryar mai zuwa dubiya, har da ɗan rusunawa. Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Muka zauna mu biyu muna cin tsarabar da muka ɗauko wa mutanen gari.

Da muka iso Al-Sadd, maigadin bene, ɗan wajenmu ne, ya hango sandata ya taso da gudu. "Subhanallahi, Hajiya! Garin yaya?" Kafin la'asar ta washegari labari ya kai unguwar Bin Omran. Matar likitan da ke samanmu ta sauko da farfesu, wasu suka zo daga unguwar Old Airport da yaransu, falo ya cika da takalma da surutu, kowa da maganin targaɗen da kakarsa ta sani. Sun hana ni barcin rana, sun cinye mini biskit, ban kuma so su tafi ba.

Da aka watse na ce masa, "Yallaɓai, ka kira mutanen kamfanin Lisbon ɗin nan ka ba su haƙuri."

"Kin tabbata? Nan ɗin ma fa ba barin mu za a yi ba."

"Na sani. Khalas, shi ke nan, kira su."

Ya kira. Kwantiragi bai fasa ƙarewa ba, kwalaye na jingine a bayan ƙofa, ban san garin da za a buɗe su ba. Kwalbar turaren nan ce na fara sakawa a ciki, tana nan da ledarta.